Tukunyar da Aka Kife a Gindin Mangwarona

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Rifkatu ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwar Zariya ba za su bar ni ba. Shekara takwas ke nan, amma har gobe in na zo wucewa ta bakin fadarmu, inda muke zaman shayi, sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, yaya tukunya?" Nakan taya su dariya. To me zan yi? Ni na kai kaina.

Ni direba ne. Shekara talatin na yi ina jan motar sarbis, wato ta gwamnati, karatuna na lakwal, makarantar boko, kuwa bai wuce aji biyar ba. Da na ajiye aiki sai na ga zaman banza zai kashe ni kafin kwanana ya ƙare, na ce bari in yi ƴar garka a bayan ɗaki. Filin bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Na shuka tumati da barkonon tonka da yakuwa, na jera zogala a bakin katanga. Sannan na hau kabu-kabu har Jiratawa na sayo ɗan icen mangwaro mai aure, na rungumo shi kamar jariri, na dasa a tsakiya. A fada kuwa babu wanda bai ji labarinsa ba. Na ce musu nan da shekara uku duk layinmu sai ya gaji da shan mangwaro. (Mutumin da bai taɓa raya ko albasa ba, shi ke wannan cika baki.)

Maƙwabcina shi ne Mushe Iliya, tsohon malamin lakwal, mutumin Tibiri, Kirista. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma a jikinta akwai wata ƴar ƙofa ta kwano da matanmu suka sa aka huda tun da daɗewa, don aron turmi da ɗibar garwashi. A lokacin shekararmu ashirin da biyu muna tare. Ranar layya cinyar ragona ta ƙofar nan take bi, ranar Nowel, wato Kirsimeti, shinkafarsu ta nan take shigowa. Lokacin da naƙuda ta kama matata Hajiya ina can hanyar Agadas, shi ya kai ta likita. Yana jan ƙafar hagu tun wani hatsarin babur da ya yi, saboda haka ko ba ka gan shi ba, ka ga sawunsa ka san shi ne. Garkarsa kuwa ko cikin bazara kore shar take, abin da ke ba ni haushi a ɓoye.

Ga yadda na kula da mangwarona. Na ji an ce taki abinci ne, sai na kwaso ɗanyen kashin shanu da na awaki na tula a jikin icen. Na ji an ce kara yana riƙe laima, sai na ƙara masa karan hatsi a sama, har gindin ya ɓace kamar an naɗa masa rawani. Ruwa kuwa sai ranar da na tuna. Yau bokiti biyar, sai kwana uku ko ɗigo.

Wata safiya Mushe Iliya ya leƙo ta saman katanga.

"Alhaji, an tashi lahiya? Don Allah ka janye takin ga daga jikin ice, ka bar mishi tazara kamar tahin hannu biyu. Ɗanyen taki da kara a jikin ɗan ice, baƙi kake kira mishi."

Na ce, "Mushe, nan ba aji ba ne. Ka ajiye alli, ka bar mu mu sha iska."

Ya yi dariya ya sauka. Sau uku yana faɗa mini a cikin wannan shekara, sau uku ina mayar masa da irin wannan amsa.

Da bazara ta biyu ta shigo, sai icen ya fara wani irin ciwo da ban gane kansa ba. Ganyen sama ya sunkuya. Na ba shi ruwa, bai ɗago ba. Na duba ganye ciki da baya, babu tsutsa, babu ƙwaro, babu ko huda ɗaya. Na sayo maganin feshi a kasuwa na feshe garkar duka da tsakar rana, tumatina ya ƙone ƙurmus, mangwaro kuwa ko gezau. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ganyen yake faɗuwa. Kore ne, bai bushe ba, babu iska, sai ka ga ya saki reshe ya sauko a hankali kamar wani ne ya tsinke shi ya ajiye. Ina zaune a inuwar ɗaki bayan azahar, lokacin da zafi ke hana ko ƙadangare motsi, ina ƙirga su. Ɗaya. Can an jima, ɗaya.

A makon nan ne Hajiya ta tafi Jiratawa wurin ƙanwarta da ba ta da lafiya, da niyyar ta dawo ranar Asabar, ranar auren Rifkatu, ɗiyar Mushe Iliya ta ƙarshe. Gidan ya rage ni kaɗai.

Ranar Talata da hantsi na dawo daga fada, na zaga bayan ɗaki, sai na tsaya cik. A gindin mangwarona ga wata tsohuwar tukunyar ƙasa, baƙa ƙirin, a kife. An lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumman buhu, an ɗora dutse a sama. Ban san sa'ad da na ja da baya har na taka yakuwa ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake faɗa a kan tukunyar da aka kife a gidan mutum ba da saninsa ba.

Na dubi ƙasa. Ga sawu nan a kan rairayi, ɗaya cikakke, ɗaya ja. Ya fito daga ƴar ƙofar kwano, ya zo gindin icen, ya koma.

Na daɗe a tsaye. Daga baya na yi ta maza, na karanta abin da na iya, na durƙusa na kara kunne kusa da tukunyar ba tare da na taɓa ta ba. Wallahi akwai motsi a ciki. Ba ƙara ba ce, wani ɗan sauti ne siriri, kamar ana zuba gero a hankali a kan faifai, ko kamar mutane da yawa suna raɗa a wani ɗaki mai nisa. Na ɗauki kara na ƙwanƙwasa ta sau ɗaya. Sautin ya ɗauke ɗif. Sai kuma daga ciki aka amsa mini, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, da sauri, daga ko'ina a lokaci guda. Ranar ban ci abincin rana ba.

Washegari da na dawo daga masallaci da fada, tukunyar ta tashi daga gabas da icen ta koma yamma. Tsumman a jiƙe sabo. Sawun nan ya zo ya koma. Ta bayan katanga kuma ina jin kajin Mushe Iliya suna wani irin rububi da ban saba ji ba.

A fada akwai Mamman Dogo, mai sayar da fetur a kwalba, mutumin da bai taɓa jin labari ya ce bai san kansa ba. Shi na ja gefe na faɗa wa. (Ban je wurin liman ba. Na san abin da zai ce: in ji tsoron Allah, in je in tambayi maƙwabcina. Ni kuwa ba wannan nake son ji ba.)

Mamman Dogo ya riƙe haɓa. "A kihe ka ce? Da tsumma? Kuma tana magana?"

"Ban ce magana ba. Motsi."

"Alhaji, motsi ai shi ne magana tasu. Kai dubi nan. Icenka na ramewa, kajinshi na ƙiba, garkarshi kore, ga shi zai aurar da ɗiya. Ba ka ga ana ɗiba daga nan ana zubawa can ba? Mutanen Tibiri hwa, ko sun shiga coci, abin kakanni yana nan cikin aljihu."

Da ina da hankali, nan ya kamata in tashi. Mutumin da ake wannan magana a kansa shi ya ɗauki matata ya kai likita. Amma sai na ji kaina ina cewa, "To yanzu mi za ni yi?"

"Kada ka hwasa ta, kada ka buɗe. Wanda ya kihe, shi zai buɗe da hannunshi gaban shaidu. Kuma ka yi kahin a ɗauki amarya, don in ta hita da abin da aka ɗiba, ya tahi ke nan."

Daga ranar na daina amsa sallamar Mushe Iliya. Sau biyu yana kirana ta saman katanga, "Alhaji! Alhaji, kana ciki? Ina son magana da kai kan icen ga." Ina zaune a ɗaki ina jinsa, na yi lamo kamar ba kowa. Ranar Alhamis da yamma na sayo kwaɗo na garƙame ƴar ƙofar kwano, ƙofar da ba ta taɓa ganin makulli ba tun da aka huda ta. Ranar Juma'a da safe ina ji aka taɓa ta daga can, aka ɗan jijjiga, aka yi shiru, sannan na ji jan ƙafa yana komawa. Na ce a raina, na kama ka. Hajiya kuwa ban kira ta a waya ba, wai kada in tayar mata da hankali.

Tukunyar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. Motsin ciki ya ƙaru, har daga tsaye ina jinsa. Ranar Asabar da safe na tarar reshen sama ya bushe, gwiwata ta dama kuma ta tashi da ciwo. (Gwiwar nan shekara goma tana ciwo, amma ranar sai na lissafa ta cikin aikin.)

An ɗaura aure a cocinsu da hantsi, aka dawo gida cin abinci. An kafa rumfa a ƙofar gidansa, ta tare layin duka. Ga dangin ango, ga mutanen Tibiri mota guda, ga fasto, ga mai unguwa, ga ƴan fadarmu an ware musu tabarmarsu da nasu tulin shinkafa. Ni kuwa na saka babbar rigar da na ɗinka musamman don wannan biki, na ɗauko babban farantin Hajiya, na tura shi ƙarƙashin tukunyar da shebur, har da ƙasar da ke ƙasanta, na rufe da zane. Da na ɗaga sai na ji ta da nauyi, dole na jingina ta da cikina. Daga ƙofata zuwa rumfar taku ashirin ne. Ina tafiya ina jin raɗar nan a jikin haƙarƙarina.

Mutane suka ga na taho da faranti a rufe, suka ɗauka gudummawa ce. Wata mata har ta rangaɗa guɗa.

Mushe Iliya ya taso da fara'a yana jan ƙafa. "A'a, Alhaji! Tun ɗazu nake cigiyarka. Ga wurinka can kusa da mai unguwa."

Na ce, "Ba zama ya kawo ni ba. Jama'a, salamu alaikum. Ku yi mini shaida."

Aka kashe kiɗa. Na yaye zanen. Wasu mata da ke kusa suka ja da baya, wata ta janye ɗanta.

"Iliya," na ce, ko Mushen ban saka ba, "shekara ashirin da biyu muna cin abinci kwano guda. Mi na yi maka? Wanga abu a gindin icena na same shi, kuma sawunka ne ya kai shi. Icena na mutuwa, ƙahwata ta kama. Abin da kakanninka suka bari a Tibiri, shi ka rasa inda za ka kai sai gidana? Buɗe shi da hannunka gaban mutane!"

Mutum ya fi ɗari a rumfar, amma kana jin ƙarar cokali da wani ya ajiye. Na ga Rifkatu cikin farin mayafinta, yarinyar da tun tana rarrafe take ce mini Baba, ta buɗe baki ta kasa rufewa. Dangin ango suna kallon juna. Mushe Iliya ya dubi tukunyar, ya dube ni, fara'ar nan ta sauka daga fuskarsa a hankali. Ya ce, "Alhaji..."

Sai na ji wani abu yana tafiya a cikina. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Ya bi ta hannun riga, ya hau ƙirji, ya gangara ta mazagin wando. Sai cizo, kamar an soka mini allura mai zafi a ƙarƙashin cibiya, sai wani a hammata, sai ko'ina.

Na ƙwala ihu, "Ya kama ni! Jama'a ga shi nan, ya kama ni!"

Na saki farantin. Tukunya ta daki ƙasa ta rabe biyu. Abin da ya fito daga ciki: busasshen kashin shanu, guntayen kara, totuwar masara, da gara. Gara fara fat, tuli guda, tana zuba kamar an kifar da ƙwaryar shinkafa. Kafin kowa ya ce uffan, kajin Mushe Iliya, waɗanda kwana biyu ke nan ba su sami rabonsu ba, suka fito ta ƙarƙashin kujeru da gudu, uwa da ƴaƴa, suka faɗa wa asirin nan da ci. Ni kuwa ina tsakiyarsu ina tsalle. Na fizge hula, na tuɓe babbar riga, na tuɓe ta ciki, na rage daga ni sai singileti da wando, ina dukan cikina da hannu biyu, gwiwar da na ce an kama tana aiki fiye da ta saurayi.

Wata tsohuwa daga cikin mutanen Tibiri ta leƙo ta ce, "Ikon Allah. Wanga asiri ko kaji sun san shi."

Rumfar ta fashe. Har fasto ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Samari sun ɗaga wayoyi. Mamman Dogo kuwa na neme shi a tabarmar ƴan fada, sai takalminsa ƙafa ɗaya.

A daidai nan Hajiya ta sauko daga kabu-kabu da ƙullin kayanta. Ta dubi mijinta a singileti, ta dubi kaji, ta dubi fasasshiyar tukunya.

"Innalillahi! Alhaji, mi ka yi? Ni na roƙi Mushe! Ni na ce ya taimaka ya sa maka tarkon gara kahin icen ya mutu, tunda kai ba a hwaɗa maka magana. Kuma wagga ai tukunyata ce ta dahuwar wake, wadda ta tsage!"

Tukunyar da na shekara ashirin ina cin abin da ta dafa. Da aka kife ta sai ban gane ta ba. Kuma ni da na tashi a ɗakin ƙasa, na ga gara ta cinye mana rumbu ina yaro, ko sau ɗaya sunanta bai zo mini a rai ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Mushe Iliya ya sunkuya ya ɗauki babbar rigata, ya kakkaɓe ta ciki da waje, ya yafa mini a kafaɗa. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ruhe jikinka, Alhaji, akwai baƙi." Sannan ya juya ya ce a saka kiɗa, a ƙaro wa dangin ango nama. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ban kwana da kyau ba. Washegari Lahadi na cire kwaɗon nan na jefa shi a shara, na jira har suka dawo daga coci, na bi ta ƙofar waje na yi sallama. Na tarar da shi a zaune a garkarsa. Na durƙusa, ni da furfurata, na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Tashi, Alhaji, gwiwarka. Na yahe tun jiya. Tukunyar ba ta dame ni ba, kowa na iya jin tsoro. Da ma laihina ne da ban tsaya na same ka ba kahin in sa. Amma maganar kakannina, ba jiya ka ƙera ta ba. Tana nan ajiye, jiya dai ta hito."

Gaskiya ya faɗa.

Ya ɗauki ƴar hauyarsa ya ce mu je mu ga mara lafiya. Ya janye rawanin taki da karan da na naɗa wa icen, ya tona kamar zurfin yatsa. Ga ta nan. Ta yi hanyoyinta a ƙarƙashin tulin, ta cinye ɓawon gindin ta gefe ɗaya, ta gangara cikin saiwa. Shekara guda ina ciyar da ita da hannuna, na kuma yi mata rumfa don kada in gan ta.

"Ka ga abin da ya sa ruwa bai yi mishi amfani ba," in ji shi. "Bakin da zai sha da shi ake ci."

Ya nuna mini yadda tarkon yake. Gara ta fi son busasshen kashin shanu da kara mai ɗan laima a wuri mai duhu. In ka cusa su a tukunya, ka yayyafa ruwa, ka kife a kan hanyarta, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma don kada ta yi zafi, sai ta taru a ciki. Da safe kafin rana ta ɗaga sai ka ɗauke ka zazzage wa kaji, ka sake ɗanawa a wani gefen. Ya ce ba ya ƙarar da ita, rage ta yake yi, ya ba ice damar numfashi. Sautin da na ji kuwa, masu jan kai daga cikin garar ne ke buga kawunansu idan an taɓa gidansu.

Sauran aikin a gabana ya yi shi, ni ina miƙa masa kaya kamar ɗan aji ɗaya. Ya yi wa icen kwari mai faɗi, ya bar ƙasa ta ɗan tashi a jikin gindin don kada ruwa ya kwanta a kansa. Ya barbaɗa tokar murhu a kewaye. Ya sa na daka busassun ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, ya gauraya da ƙasar. Ya yanke reshen da ya bushe da wuƙa mai kaifi. Ya ce taki sai ya ruɓe a rami, ya yi baƙi, ya daina wari da zafi, sannan a kai wa shuka, kuma a nesa da jikinta. Kara ma haka, a shimfiɗa shi a kewaye, kada ya taɓa ice, kuma a riƙa ɗagawa ana leƙa ƙarƙashi. Ruwa kuwa da safe ko da la'asar sakaliya, daidai gwargwado, a kan lokaci, don icen da ke shan ƙishirwa yau ya sha ambaliya gobe shi gara ta fi samu. Da ya ga tumatina da ya ƙone sai ya girgiza kai. Ya ce ba a feshi da tsakar rana, kuma ba a feshi sai an ga abin da za a fesa wa. In ƙananan ƙwari ne a bayan ganye, a jiƙa dakakken bedi ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da yamma. Duk wannan ya taɓa faɗa mini ta saman katanga, a kyauta, ba tare da na tuɓe riga ba.

Icen ya rayu. Ya yi shekara guda yana jinya, gefen da aka ci har yau akwai tabo, amma ya rayu. Da ya yi ƴaƴan fari, guda bakwai ne, na zaɓi huɗu manya na kai wa Mushe Iliya. Ya karɓa, ya yi godiya, ya ce a aika wa Rifkatu biyu. Ita ma tana gaishe ni in ta zo ganin gida, da ladabi, har ƙasa. Alhaji take ce mini yanzu.

Muna gaisawa da shi kullum. Naman layya yana zuwa, shinkafar Nowel tana zuwa, matanmu suna bin ƴar ƙofar kwano kamar da. Amma shi, tun daga ranar, bai sake bi ta cikinta ba. In yana son ganina sai ya zagaya ta waje da ƙafar nan tasa, ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, ya jira sai na fito. Na ce masa, "Mushe, ƙofa a buɗe take hwa." Ya ce, "Na sani, Alhaji. Tahiyar tana yi wa ƙahwar amfani." Ban sake tayar da maganar ba.

Yanzu ni ke ɗana tukunyar da kaina, duk bazara. Da safe in na ɗaga ta nakan kara kunne tukuna, kuma har yau sautin nan yana tayar mini da tsikar jiki. Sannan in buɗe ƴar ƙofar in zazzage wa kajinsa, tunda su ba su riƙe ni da komai ba.

Saboda haka in ka ga icenka yana mutuwa ba ka san dalili ba, kafin ka dubi gidan maƙwabci, ɗauki hauya ka tona gindinsa zurfin yatsa guda. In kuma ka ƙi, to aƙalla kada ka saka babbar riga, don tana da wuyar tuɓewa cikin gaggawa.